Tabawa da Labarin Ruwan Bana

A wani zamani can baya, a gindin wasu duwatsu da ake kira Dogon Wuya, an yi wani gari mai suna Kwarangi. Mutanen garin manoma ne, kuma ba su taɓa yin gardama a kan ranar shuka ba. Dalili kuwa, a bayan gari akwai wata randa ta dutse, tsawonta ya kai na mutum uku, ba wanda ya san wanda ya sassaƙa ta. Kowace shekara in bazara ta kama, saura kwana bakwai ruwan shuka ya sauka, sai randar nan ta fara gumi. In gumin ya tsaya a wuya, an san damina mai sauƙi ce. In ya gangaro har gindi, an san ruwa zai yi yawa, kowa ya guji fadama.

Ana nan, sai aka yi fari shekara biyu a jere. Aka cinye abin da ke rumbuna, aka sayar da awaki, aka koma tafasa ganye. Abin da ya rage wa garin kaf shi ne rumbu guda na iri, gero da dawa da ɗan wake, wanda in an shuka shi sau ɗaya, to, babu na biyu. Aka damƙa tsaron rumbun a hannun wata mata mai suna Tabawa, don kowa ya san ko 'ya'yanta na kukan yunwa ba za ta taɓa ƙwaya ɗaya ba. Mijinta ya rasu a farin farko, ya bar ta da 'ya'ya uku da gona guda a gangaren dutse. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, ba ta da yawan magana, in kuwa ta kafe a kan abu sai dai a haƙura.

Wata Laraba da hantsi, zafi ya ishi kowa, sai aka ji wata ƙara kamar dutse ya faɗo. Aka ruga bayan gari, aka tarar randa ta tsage gida biyu. Ba a gama salati ba hadari ya taso daga gabas, aka sheƙa ruwa, ƙasa ta yi ƙamshi.

Washegari gari ya taru a ƙofar Sarkin Noma Mati, wanda kawun Tabawa ne. Wani ƙaƙƙarfan manomi mai suna Jatau ya miƙe da sungumi a kafaɗa ya ce, "Sarkin Noma, me ake jira? Ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙu. A buɗe rumbu a raba iri."

Sarkin Noma ya ce, "Randa ba ta yi gumi ba, Jatau."

Jatau ya ce, "Randa ta mutu! Zaman makokin dutse za mu yi, yara na ramewa?"

Jama'a suka ɗauka, kowa na cewa a buɗe. Sai Tabawa ta matso gaba ta durƙusa ta ce, "Kawu, a ba ni kwana uku. Jiya na leƙa tsagin randar, na ga matakala ta yi sama cikin dutse. Duk mai sa ta gumi ta nan yake saukowa. Zan hau in tambaye shi, ruwan nan na shuka ne ko na yaudara."

Tsoho ya girgiza kai ya ce, "Ke Tabawa, can ba wurin ɗan Adam ba ne."

Ta ce, "Kawu, in muka shuka ya ƙone, nan ɗin ma ba zai zaunu ga ɗan Adam ba."

Jatau ya ce, "Kwana uku. In rana ta huɗu ta fito ba ki dawo ba, da gatari zan buɗe rumbun."

Tabawa ta kai 'ya'yanta gidan kawunta, ta cika gora da ruwa, ta ɗaura ɗamara da tsohon zane, ta yi bismilla, ta shiga tsagin.

Ta yi ta hawa, ta yi ta hawa. Can sai ta ɓullo wani fili na farin dutse, ba itace, ba ciyawa. Rana na tsaye tsakar ka, ba ta gaba ba ta baya, don a ƙasar nan rana ba ta faɗuwa. Tafin ƙafarta ya fara toyewa. Ta shanye ruwan gorarta tun ba ta kai rabin filin ba.

Tana cikin tafiya sai ga wani aljani kyakkyawa, sanye da riga baƙa wuluk mai sheƙi, yana kora waɗansu gizagizai manya manya kamar yadda makiyayi ke kora shanu. Ya yi mata murmushi ya ce, "Maraba da baƙuwa, maraba da 'yar gindin dutse. Ni ne Kwalele, makiyayin hadarin bazara. Me ya raba ki da gida?"

Tabawa ta ce, "Ranka ya daɗe, labarin ruwan bana nake nema."

Ya ce, "Ai kin iso. Dubi garkena, kin taɓa ganin hadari mai nauyin wannan? Jiya ni na shayar da ku, gobe ma ni ne, jibi ma ni ne. Koma ki ce su shuka. Ga ruwa ma ki jiƙa maƙoshi."

Ya miƙo mata ƙwarya cike da ruwa mai sanyi. Ta kai hannu, ƙwarya ta matsa. Ta ƙara miƙawa, ta ƙara matsawa. Tabawa ta tsaya, ta dubi ƙwarya, ta dubi mai ƙwarya. Sai ta juya ta nufi girgijen da ya fi kowanne baƙi, ta kama gefensa da hannu biyu, ta murɗe shi kamar tana matse wanki. Ɗigo uku suka faɗo, shi ke nan. Sauran duk iska ce mai zafi.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, na shekara talatin ina tatsar akuya. Na san hantsar da ke da nono, na san wadda kumburi ne kawai. Nuna mini hanyar na gaba da kai."

Fuskar Kwalele ta canja. Ya buga sandarsa a ƙasa, guguwa ta taso ta nannaɗe Tabawa, ta yi sama da ita, ta maka ta da dutse. Ta tashi, goshinta na jini, ta ci gaba. Ya sake tasowa da wata, ta kwanta rub da ciki ta rungume dutse har ta wuce, ta tashi ta ci gaba. A ta uku da rarrafe ta tafi. Da ya ga ba ta da niyyar juyawa, sai ya yi tsaki ya ce, "Je ki, mai taurin kai. In kin wuce ni, ba za ki wuce Aradu ba."

Ƙarshen filin wani rami ne mai zurfi, ba a ganin ƙasansa, ba a hango ɗaya gaɓar. A bakin ramin akwai maƙera, a cikinta wani ƙaton aljani ja, gemunsa tartsatsi, yana zaune ya zuba tagumi. Ga ƙarfe jibge, ga uwar maƙera kamar ɗaki, amma wuta ta mutu.

Tabawa ta yi sallama. Ya amsa da wata murya da ta sa haƙoranta suka haɗu: "Wa ke nan da ƙafar laka a maƙerar Aradu?"

Ta ce, "Tabawa ce daga Kwarangi, ranka ya daɗe. Ƙetarewa nake so in yi."

Ya ce, "Ba gada a nan sai walƙiya, walƙiya kuwa ni ke ƙera ta. Ga shi mai yi mini zuga ya gudu, aiki ya yi masa yawa. In kina iya hura wutar nan har in ƙera guda, ki hau ta. In kika saki zugazugi kafin in ce ya isa, ke zan sa a wutar."

Zugazugin nan fatar giwa biyu aka ɗinka. Tabawa ta gwada da hannu, ko motsi bai yi ba. Sai ta tuɓe ɗamara ta ɗaure a bakin kowace fata, ta hau, ta riƙa taka wannan tana jan wancan, kamar mai kirɓa ƙasar gini. Wuta ta fara ja, ta koma fara. Aradu ya ɗaga masaba, duk bugu ɗaya sai duwatsu su amsa. Gumi ya ƙare a jikin Tabawa, leɓunanta suka tsage, tafin hannunta ya saluɓe. Sau biyu idonta na rufewa, ta ciji harshe ta farka. Tana taka zugazugi tana kallon ƙarfen da ke jibge, ta ce cikin haki, "Ranka ya daɗe, duk wannan na bana ne?"

Ya ce, "Duk na bana ne, kuma a kan duwatsunku za a sauke rabinsa. Kada ki ƙara tambaya, ba ni ke ba da labari ba. Taka!"

Ta taka. Can ya daka tsawa ya ce, "Ya isa!" Ya zaro wata walƙiya doguwa da awartaki, ya tsoma ta a ruwa, ya ɗebo ruwan a tafinsa ya ba Tabawa ta sha. Sa'an nan ya ce, "'Yar Adam, na yi zuga da aljanu ɗari, ban ga mai naci irinki ba. Rufe ido ki riƙe da kyau." Ya wurga walƙiyar, kafin Tabawa ta gama jan numfashi sai ta ji ta a ɗaya gaɓar, gashin kanta na ƙauri.

Nan kuma sanyi ne irin wanda ba ta taɓa ji ba. Hanya ta ƙuntace tsakanin duwatsu biyu, a tsakiyarta wata tsohuwa fara fat ta zauna ta tare ko'ina, da faifai a cinya, tana tsince ƙanƙara kamar mai tsince wake, manya a kwando, ƙanana a ƙasa.

Tabawa ta durƙusa ta ce, "Sannu da aiki, Iya."

Tsohuwa ba ta ɗago ba, ta ce, "Yawwa, 'yar nan. Ni ce Uwar Ƙanƙara. Kin ga kwandon nan? Na ƙasarku ne, bana zan juye shi, ba makawa. Ba mai wuce ni sai ya faɗa mini inda zan juye. Zaɓi gona guda."

Tabawa ta ce, "Iya, akwai wani fako a arewacin gari, ko ƙaya ba ta fita. A juye a can."

Tsohuwa ta yi dariya, haƙoranta na ƙara kamar tsakuwa. Ta ce, "Wayo za ki yi mini? Ni kore nake ci. Gona na ce, mai shuka a ciki, mai mai ita. Ba ki da wanda ya ɓata miki rai? Ba wani mai gatari da ya yi miki barazana a gaban jama'a?"

Gonar Jatau ta faɗo wa Tabawa a rai, babba ce, tana bakin hanya. Ta tuna kuma bakuna goma sha ɗaya ne ke ci daga gonar nan, har da uwarsa makauniya. Ta bi gonakin garin ɗaya bayan ɗaya a zuci, kowace ta san masu ci daga cikinta, ta san sunayen 'ya'yansu. Sanyi na cin ƙashinta. Daga bisani ta ce, "Akwai wata a gangaren yamma, kusa da tsamiya biyu. A juye a can."

Tsohuwa ta ce, "Ta wa ce?"

Ta ce, "Tawa ce."

Sai a lokacin tsohuwa ta ɗago ta dube ta. Ta ce, "Kin sani ba a warware magana a nan?"

Tabawa ta ce, "Na sani, Iya. Matsa mini in wuce, kwanakina ƙidayayyu ne."

Tsohuwa ta janye ƙafa, Tabawa ta wuce tana share hawaye da bayan hannu.

Tana fita daga matsatsin sai ga birni a gabanta, ganuwarsa ta hazo, ƙofarsa bakan gizo. A ciki ba gidaje, sai garke bayan garke na gizagizai, waɗansu farare marasa nauyi suna tsalle, waɗansu baƙaƙe sun yi kwance, cikinsu na ƙugi saboda ruwa. Aljanu na kai da kawowa, masu ɗebo ruwa daga wani tafki marar iyaka suna ɗura musu, masu saƙa igiyar iska suna saƙa. Dogarai biyu masu fukafukan shamuwa suka kama ta suka kai ta gaban mai birnin, Magajiyar Hadari.

Magajiya na zaune a kan wani baƙin girgije. Tsawonta ya kai na giginya, mayafinta ruwa ne yana zuba ba ya ƙarewa. Ta ce, "Shekara dubu ɗan Adam bai tako nan ba. Faɗi buƙatarki, 'yar Kwarangi, ki taƙaita."

Tabawa ta faɗi ta yi gaisuwa ta ce, "Ranki ya daɗe, randarmu ta fashe, irinmu na shuka ɗaya ne. Ina so in san yadda farkon daminar bana zai kasance, a kan dutse da gindinsa."

Magajiya ta ce, "Randa wa'adinta ne ya cika, ba za a yi wata ba. Labari kuwa akwai shi, amma yana da sharaɗi. Wanda ya ji shi daga bakina sau ɗaya zai faɗe shi. Yana rufe baki muryarsa za ta ɗauke, ba za ta dawo ba sai ya ɗanɗana sabon geron shekara. In gero bai yi ba, ya zauna bebe har abada. Kin yarda?"

Tabawa ta ce, "In gero bai yi ba, ranki ya daɗe, ba wanda zai rage da zan yi wa magana. Na yarda."

Magajiya ta ɗaga hannu, birni ya yi tsit. Ta ce, "To, saurara. Ruwan da kuka samu na wanke ƙasa ne, ba na shuka ba. Bayansa zafi zai dawo fiye da na da, kwana goma sha tara. A cikinsu hadari zai haɗu sau uku da la'asar. Na farko iska ce, na uku iska ce. Na biyu zai yi yayyafi, ya jiƙa ƙasa zurfin yatsa, wanda ya shuka a kansa ya yi asara. Bayan nan ruwan shuka zai zo daga kudu maso gabas, a hankali, yini guda cur. Daga shi kuma ruwa zai yi yawa a kan duwatsu, fiye da yadda tsofaffinku suka taɓa gani. Rafuka za su cika su yi ambaliya, fadama za ta nutse. Ku hau gangare da irinku, ku yi kunya a gicciye, ku tare ta da duwatsu."

Tabawa na maimaitawa a zuci. Sai Magajiya ta sunkuyo, ta rage murya ta ce, "Saura guda, kuma ita ta fi nauyi. Mu bayi ne, kora muke yi inda aka ce mu kora. Abin da na faɗa miki shi ne umarnin da ke hannunmu yau. Mai sama yana iya jinkirtawa, yana iya gaggautawa, ba ya shawara da mu. In kin so ki faɗa musu wannan, in kin so ki ɓoye, don maganarki ta fi ƙarfi a kunnensu."

Aka kawo wani ɗan maraƙin girgije, aka ɗora ta a kai. Ya gangara da ita ta kan Uwar Ƙanƙara, ta kan maƙerar Aradu, ta kan farin fili, ya dire ta a bayan gari ya watse.

Ashe rana ta huɗu ce ta fito. Ta tarar da gari ya kewaye rumbu, Jatau ya ɗaga gatari, Sarkin Noma ya tare ƙofa da jikinsa. Da suka gan ta, goshi a fashe, hannu a saluɓe, gashi a babbake, kowa ya ja da baya. Ta hau kan turmi ta ce, "Jama'a, ku kira na nesa, ku sa yara su yi shiru. Sau ɗaya zan faɗa, daga nan ba ni da murya sai kaka."

Ta zayyana musu komai, tun daga kwana goma sha tara har zuwa kunya a gicciye. Da ta zo ƙarshe ta ɗan tsaya. Ta dubi fuskokinsu, ta ga sun fara yarda, ta san abin da ya rage zai iya rushe yardar. Duk da haka ta ce, "Wadda ta faɗa mini ta ce ita baiwa ce. Allah na iya jinkirtawa, yana iya gaggautawa. Ban zo muku da tabbas ba, na zo da abin da ya fi ƙarfi. Ku yi haƙuri ku jira." Ta buɗe baki za ta ƙara, sai iska kawai ta fito.

Jatau ya ce, "Kun ji ko? Ita da kanta ta ce ba tabbas!"

Sarkin Noma ya ce, "Shi ya sa na yarda da ita. Da ƙarya ta shirya, da ba ta bar mata ƙofa ba. Za mu jira."

Tabawa ta shimfiɗa tabarma a ƙofar rumbu, a nan take kwana. Zafi ya dawo kamar an buɗe tanda. Kowace safiya sai ta ja layi ɗaya a jikin rumbu da gawayi, ta ɗauki 'ya'yanta su tafi gangare jera duwatsu. Da farko kallonta ake yi. Daga baya mata suka bi ta, sa'an nan maza.

A kwana na biyar hadari ya haɗu, ya watse da iska. A na goma sha ɗaya ya haɗu baƙi ƙirin, aka yi yayyafi, ƙasa ta yi ƙamshin da ke sa manomi hauka. Jatau ya zo da magidanta shida, ya ce a ba su rabonsu. Tabawa ta tashi ta tare ƙofa. Ta durƙusa ta tona ƙasa da yatsa, ta nuna masa busasshiyar da ke ƙarƙashi. Ya kau da kai. Ta kama bakin rigarsa, ya fizge. Sarkin Noma ya ce, "Ba shi, Tabawa. Haƙƙinsa ne." Ta auna musu tana kuka ba sauti. Suka shuka a fadama. Kwana huɗu tsiro ya fito kore shar, suna ta murna. Kwana huɗu kuma ya kwanta ya zama kamar gashin masara.

Kwana na goma sha tara ya zo, sama wayam. Na ashirin, ko gajimare babu. A na ashirin da ɗaya mutane suka fara guna-guni, wata mata ta tofar da yawu a gaban tabarmarta ta ce, "Kin sa mun bar ruwa biyu sun wuce. In damina ta tafi ke nan fa?" Waɗansu suka ce a fasa rumbu a dafa irin a ci, a bar garin. Tabawa ba ta da bakin ba da amsa. Ita ma ta tsorata. Ta tashi ta jingina bayanta da ƙofar rumbu, ta baza hannuwa, ta tsaya a rana tun hantsi har la'asar. Ba wanda ya iya ɗaga hannu ya ture ta.

A na ashirin da biyu da safe iska ta juyo daga kudu maso gabas, mai sanyi. Ruwa ya fara a hankali, ba tsawa, ba guguwa, ya yini yana zuba. Tabawa da kanta ta buɗe rumbu. Washegari gangaren dutse ya cika da mutane, maza na sara da sungumi, mata na bi suna zuba iri suna rufewa da diddige.

Shuka ta kai gwiwa, sai wata Asabar da azahar wani ɗan farin girgije ya zo ya tsaya daidai kan tsamiya biyu. Mutane na gonakinsu suna kallo ya juye ƙanƙara manya kamar ƙwan zabo, a gonar Tabawa kaɗai. Ko ganye ɗaya bai taɓa a gonar maƙwabta ba. Da ya wuce, gonar ta zama kamar an daka ta a turmi. Tabawa ta zauna a bakin kunya ta haɗa kai da gwiwa. Ba ta faɗa wa kowa cinikin da ta yi da tsohuwa ba, amma Sarkin Noma ya dubi iyakar ɓarnar, yadda ta bi kan gona kamar an ja zare, ya ce, "Wannan ba faɗuwa ta yi ba, aiko ta aka yi. Kuma da sanin mai gonar."

Bayan kwana biyu ruwa ya ɓarke a kan duwatsu, rafuka suka yi ambaliya, fadama ta zama tafki har da gonar Jatau. Gonakin gangare kuwa suka tsaya, kunya ta riƙe.

Da ruwa ya lafa, Tabawa ta tafi gonarta don ta ga ko akwai abin tsinta. Tun daga nesa ta hango mutum a sunkuye. Jatau ne, da matansa da 'ya'yansa. Ya bi gari gona gona yana roƙon geron da aka cire wajen rage shuka, ya ɗauko dami dami a ka, yana dasawa a gonarta layi bayan layi. Da ya gan ta bai miƙe ba, ya ce, "Ni ba ni da gonar da zan dasa, ke ba ki da shukar da za ki nome. Kada ki kore ni, Tabawa. Kunya ba za ta bar ni in zauna a gida ba." Ta tsaya ta dube shi. Sa'an nan ta ɗauki sanda ta ja layi a tsakiyar gonar, ta nuna masa rabi, ta nuna kanta da rabi.

Dashe ya kama. Damina ta yi albarka, gero ya yi zangarniya kamar hannun ƙato. Ranar da aka karya na farko, gari duka ya taru a gindin tsamiya biyu. Jatau ya hura wuta da kansa, ya gasa tumu, ya murje a tafinsa, ya hure ƙaiƙayi, ya miƙa mata. Kowa ya zuba mata ido, 'ya'yanta sun riƙe zanenta. Tabawa ta zuba a baki, ta tauna, ta haɗiye. Ta yi tari sau biyu. Sai ta dube shi ta ce da wata murya a dushe, "Jatau, bai gasu ba. Kullum sai ka yi gaggawa."

Wuri ya ɓarke da dariya da guɗa, ƙaramar 'yarta ta faɗa jikinta tana kiran Inna, Inna. Jatau ya share ido da hannun riga, ya ɗauki wata zangarniya ya mayar kan wuta, ya zauna yana juya ta a hankali.

Iyakar abin da ya iso gare mu na labarin Tabawa ta Kwarangi ke nan.